Zinare ko Babu: Tarihin Matasan Kanada a Hokin Ƙanƙara

Assalamu alaikum, masu kallonmu, barkanmu da sake saduwa.

Duk shekara, washegarin Kirsimeti, wato 26 ga Disamba, ake buɗe gasar duniya ta hokin ƙanƙara ta matasa 'yan ƙasa da shekara 20. A yawancin ƙasashen da ke shiga, sai wanda ya damu da wasan ne ya san ana yi. A Kanada kuwa gida-gida ake kunna talabijin, iyali a tare, har kusan 5 ga Janairu da ake buga wasan ƙarshe. Yaran da ake kallo ɗin nan, wasunsu ko gemu bai fito musu ba. Amma idan suka dawo gida da azurfa, sai ka ga ƙasa ta yi jugum kamar an yi rashi. Yau za mu bi sawun yadda aka yi har abin ya kai haka.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga shi a taƙaice. Fili ne na ƙanƙara da aka kewaye da katanga. Kowane ɓangare mutum shida, har da mai tsaron raga. Takalmansu na da bakin ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, da shi suke sulalewa. Ba ƙwallo suke bugawa ba, wani baƙin faifan roba ne mai tauri da ake kira fak, suna kora shi da sanda mai lanƙwasa. Zubi uku ake yi, kowanne minti 20. Bangaje abokin hamayya da kafaɗa halal ne, in an yi shi bisa ƙa'ida. Wanda ya yi laifi kuma akan fitar da shi na minti biyu, ƙungiyarsa ta ci gaba da rashin mutum ɗaya.

An fara gwada gasar a 1974, amma sai a 1977 hukumar hokin ƙanƙara ta duniya, IIHF, ta karɓe ta a hukumance, aka yi ta farko a Cekoslobakiya. A shekarun nan Tarayyar Sobiyet ce ke da filin. Ta cinye ukun gwaji, ta kuma cinye huɗun farko na hukuma, daga 1977 zuwa 1980. Dalili a fili yake. Su Sobiyet tun da wuri suke tsamo zaƙaƙuran yaransu su haɗa su wuri ɗaya, su yi ta atisaye tare. Kanada kuwa ba ta ɗauki abin da muhimmanci ba. Galibi ƙungiyar gari guda take turawa, wadda ta yi fice a gasar matasa ta cikin gida, a ɗan ƙara mata 'yan wasa daga waje. Matsalar ita ce, kafin Disamba ta zo, manyan yaran da suka ci kofin da yawa sun wuce shekaru ko sun tafi ƙwararru.

A 1978, da aka yi gasar a Montreal, an haɗa zaɓaɓɓu. Cikinsu akwai wani siririn yaro ɗan shekara 16, Wayne Gretzky, wanda ya fi kowa maki a gasar (wato cin raga da taimakawa a ci), 17 cikin wasa shida. Duk da haka tagulla suka samu. Aka koma tsohon tsari, sai abin ya ƙara lalacewa: na biyar a 1979, na biyar a 1980, sannan na bakwai a 1981, cikin ƙasashe takwas. Ga ƙasar da ke ɗaukar hoki a matsayin gadonta, wannan abin kunya ne.

Shugaban hukumar hokin Kanada na lokacin, Murray Costello, shi ya ce a daina haka. Ya zauna da shugabannin manyan gasannin matasa uku na ƙasar, na yamma da na Ontariyo da na Kebek, ya lallashe su su riƙa sakin fitattun yaransu a tsakiyar kaka. Ba ƙaramin aiki ba ne, domin lokacin hutun Kirsimeti ne masu ƙungiyoyi ke samun cikar 'yan kallo. Aka kafa tsari na dindindin: sansanin gwaji da bazara, sansanin tantancewa a Disamba, da ƙungiyoyin 'yan ƙasa da 17 da 18 da za su riƙa ciyar da babbar.

Ba a jima ba aka ga amfaninsa. Gasar 1982, ƙarƙashin koci Dave King, Kanada ta lallasa Sobiyet 7 da nema a Winnipeg. Wasan ƙarshe aka yi shi a wani ƙaramin fili a Rochester ta jihar Minnesota, da Cekoslobakiya. A lokacin maki ake tarawa, kuma kunnen doki ya ishi Kanada. Aka tashi 3 da 3. Yara suka jeru a kan shuɗin layi suna jiran a sa taken ƙasarsu, sai shiru. Ba a tanadi faifan ba. Sai suka dafa kafaɗun juna, suka rera shi da bakinsu, muryoyi a dishe. Zinaren farko ke nan, kuma har yau in Kanada ta ci kofin za ka ga yaran sun jeru kafaɗa da kafaɗa suna rerawa da ƙarfi.

Yanzu mu zo ranar da ta sa duk Kanada ta san da wannan gasa: 4 ga Janairu, 1987, a garin Piestany na Cekoslobakiya. Wasan ƙarshe, Kanada da Sobiyet. Su Sobiyet sun riga sun fita daga sahun lambobi, ba su da abin asara. Kanada kuwa tana da tabbacin tagulla, nasara za ta ba ta azurfa, in kuma ta ci da tazarar biyar, zinare. Tun daga farko wasan ya ɗauki zafi, sanda na sauka a hannu da ƙafa, alƙalin wasa Hans Rønning ɗan ƙasar Nowe ya kasa riƙe shi. Ana cikin zubi na biyu, Kanada na gaba 4 da 2, wani ɗan Sobiyet ya shauɗa wa Theoren Fleury sanda, faɗa ya kaure. Kafin ka ce kwabo, 'yan benci na ɓangarorin biyu sun tsallako fili. Kowa ya kama nasa. Safar hannu da huluna da sanduna sun warwatsu a kan ƙanƙara. Alƙalai suka rasa ta yi, suka fice. Masu fili suka kashe fitilu ko za a daina, aka ci gaba da dambe a cikin duhu. An kai kusan minti 20.

A daren aka yi taron gaggawa, aka kaɗa ƙuri'a 7 da 1, aka kori ƙasashen biyu daga gasar. Wakilin Kanada ne kaɗai ya ce a'a. Finlan ta ɗauki zinare, yaran Kanada suka koma gida hannu rabbana. A gida ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce abin kunya ne, amma da yawa suka tsaya wa yaran, har mai ƙungiyar Toronto Maple Leafs, Harold Ballard, ya sa aka ƙera musu lambobi na musamman. Ni dai a ganina babu abin alfahari a daren nan, kuma manya ne suka fi laifi, domin su suka bar wuta ta ruru a hannun yara. Sai dai babu musu cewa daga ranar mutanen da ba su taɓa jin sunan gasar ba suka fara jiran ta. Shekarar da ta biyo, bayan an rage wa'adin dakatarwar da aka yi wa 'yan wasan, Fleury ya jagoranci Kanada zuwa Mosko, suka doke Sobiyet 3 da 2 a gidansu, suka ɗauko kofin.

Abin da ya ƙarasa aikin shi ne talabijin. A 1991 tashar wasanni ta TSN ta fara nuna gasar, kuma ta taki sa'a, domin a Saskatoon aka yi ta, aka kuma ƙare da Kanada da Sobiyet. John Slaney, mai tsaron baya daga Newfoundland, ya jefa wa Kanada ta uku, wadda ta ba ta nasara, ana daf da tashi. Lokaci ne da makarantu ke hutu, sanyi ya kulle kowa a gida. Tashar ta gane haka, ta mayar da gasar al'adar ƙarshen shekara.

Daga 1993 zuwa 1997 Kanada ta ci sau biyar a jere. A tawagar 1996 akwai sunan da zai ja hankalinku, Jarome Iginla, haifaffen Edmonton wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Shi aka zaɓa gwarzon ɗan gaba na gasar. Bayan nan kuma sai fari ya shigo. A 1998 har Kazakistan ta doke su 6 da 3, suka ƙare na takwas, kuma aka yi shekara bakwai babu zinare.

Mafi ciwo a cikinsu 2004 ce, a Helsinki. Kanada na gaban Amurka 3 da 1 kafin zubi na ƙarshe, Amurka ta farke biyu. Ana saura 'yan mintoci, mai tsaron raga Marc-André Fleury ya fito ya kore fak daga gabansa. Sai fak ɗin ya bugi jikin nasa ɗan wasan, Braydon Coburn, ya dawo ya gangara cikin raga. Ku dubi yadda Fleury ya juya yana binsa da ido. Shekararsa 19. Da wannan Amurka ta ci zinarenta na farko.

Akwai wani abu da ya kamata a fahimta a nan. Yaron da ya fi kowa iyawa yakan shiga babbar gasar ƙwararru ta NHL tun yana 18, kuma ƙungiyarsa ba ta cika sakinsa ba. Saboda haka Kanada ba kasafai take zuwa da cikakken ƙarfinta ba, sai shekarar da rikicin albashi ya rufe NHL. Haka ta faru a 1995, haka kuma a 2005. Tawagar 2005 da koci Brent Sutter ya kai Grand Forks, da yawa na ganin ba a taɓa haɗa kamarta ba: Sidney Crosby, Patrice Bergeron, Ryan Getzlaf, Corey Perry, Shea Weber. Sun ci 41, an ci su 7 kacal. A wasan ƙarshe suka casa Rasha 6 da 1, alhali tana da Alexander Ovechkin da Evgeni Malkin.

Nan aka sake jera biyar, har 2009. Ta ƙarshen saura ƙiris ta kuɓuce. A Ottawa, wasan kusa da na ƙarshe, Rasha na gaba 5 da 4, Kanada ta cire mai tsaron raga ta ƙara ɗan gaba. John Tavares ya wurga fak wajen raga, wani ɗan Rasha ya durƙusa ya danne shi amma bai riƙe ba, Jordan Eberle ya zaro shi ya jefa ciki, saura daƙiƙa 5.4. Suka yi nasara a bugun daga kai sai mai tsaron gida, sannan suka doke Suwidin 5 da 1. Shekara biyu bayan haka Rasha ta rama a Buffalo: Kanada na gaba 3 da nema kafin zubi na uku, Rasha ta zura biyar a jere.

Zinare ya sake zuwa a 2015 da Connor McDavid, sai 2018, 2020, 2022 da 2023, inda Connor Bedard ya tara maki 23 yana ɗan shekara 17. Na 2023 shi ne na 20, kuma babu ƙasar da ta kai haka.

Amma nauyin da aka ɗora wa yaran ya yi yawa, kuma wannan ne ya fi damuna. A 2019, a Vancouver, kyaftin Maxime Comtois ya ɓarar da bugun fanareti a ƙarin lokaci, Finlan ta fitar da su. Cikin dare zagi ya cika shafukansa na sada zumunta, har sai da wakilansa suka fitar da sanarwa. Daga baya aka ji ashe da gocewar kafaɗa ya yi wasan.

Sai kuma abin da ya girgiza hukumar kanta. A 2022 ta bayyana cewa Hockey Canada, wato hukumar hokin ƙasar, ta biya kuɗi ta sasanta ƙarar da wata mata ta shigar, inda ta zargi wasu 'yan wasa, ciki har da na tawagar 2018, da cin zarafinta. Aka kuma gano hukumar na da wani asusu da ake biyan irin waɗannan ƙararraki daga ciki, wanda kuɗin rajistar ƙananan yara ke shiga. Gwamnati ta dakatar da tallafi, kamfanoni suka janye, a watan Oktoba shugaban hukumar da dukkan kwamitin gudanarwa suka sauka. 'Yan wasa biyar sun gurfana gaban kotu, kuma a Yulin 2025 kotu ta wanke su. Tambayar da iyaye suka yi wa hukumar kan yadda ta ɓoye lamarin kuwa tana nan daram.

A cikin fili ma sauran ƙasashe sun matso. Jamhuriyar Cek ta fitar da Kanada a kwata-fainal a 2024, ta kuma maimaita a 2025 a Ottawa, shekarar da har Latbiya ta doke su a zagayen rukuni, mai tsaron ragarta ya tare sama da hari 50. Rabon da Kanada ta kasa shiga huɗun farko shekara biyu a jere, tun kafin gyaran Costello. Amurka kuwa tun 1996 ta kafa nata shirin a jihar Michigan, inda take tara zaɓaɓɓun 'yan shekara 16 da 17 su zauna tare, su yi makaranta tare, su yi wasa tare har shekara biyu, abin da Kanada ba ta yi, domin nata yaran suna warwatse a ƙungiyoyin garuruwa sai Disamba ake haɗa su. Ƙasar da ba ta da zinare ko ɗaya kafin 2004, zuwa 2025 ta tara bakwai, biyun ƙarshe a jere.