Biliyoyin Foxconn a Wisconsin: Waɗanda Jiha Ta Riƙe da Waɗanda Gunduma Ta Kashe

Akwai wani gini mai siffar ƙwallon gilashi da kamfanin Foxconn ya yi a tsakiyar fili a garin Mount Pleasant, cikin gundumar Racine ta jihar Wisconsin a Amurka. Duk lokacin da hotonsa ya sake yawo a kafafen sada zumunta, magana ɗaya ce ke biyo shi: wai gwamnati ta damƙa wa kamfanin Foxconn dala biliyan uku, ya laƙume, sannan ya ƙi gina masana'antar da ya yi alkawari. Gaskiya ne ba a gina masana'antar yadda aka tsara ba. Sai dai biliyan ukun nan ba su shiga hannun kamfanin ba, babban kaso na kuɗin da aka kashe da gaske kuma daga wani aljihu dabam ya fito, wato aljihun gunduma da na hukumar garin.

A watan Yulin 2017 ne aka yi shelar aikin a fadar White House, gaban Shugaba Donald Trump da gwamnan jihar na lokacin, Scott Walker. Foxconn, kamfanin Taiwan da ya yi suna wajen harhaɗa wayar iPhone, ya ce zai zuba jarin dala biliyan 10 domin ƙera manyan allunan talabijin, zai kuma ɗauki ma'aikata har 13,000. Bayan shekara guda aka aza harsashi da shebura masu ruwan zinariya, inda Trump ya kira wurin abin al'ajabi na takwas a duniya.

Alkawarin jiha, wanda ya kusa dala biliyan uku, rangwamen haraji ne mai sharaɗi: sai kamfani ya ɗauki ma'aikata kaza, ya kashe jari kaza, kafin a biya shi kason shekarar. Da ya gaza cika sharuɗɗan, sai hukumar raya tattalin arzikin jihar ta hana shi kuɗin a 2020. A watan Afrilun 2021 kuma, a zamanin Gwamna Tony Evers, aka sake yarjejeniyar baki ɗaya, jarin ya sauko zuwa dala miliyan 672, ma'aikata 1,454, rangwamen kuma bai wuce dala miliyan 80 ba. Jiha ta yi ciniki ne irin na kawo kaya ka karɓi kuɗi.

Gunduma ba ta da wannan damar, kuma nan ne ya kamata mu ɗan zauna.

Gunduma a Amurka tana kama da ƙaramar hukuma a Najeriya ta fuskar matsayi, amma hanyar samun kuɗinsu ta sha bamban. Ƙananan hukumominmu kason wata-wata daga asusun tarayya suke jira, alhali gunduma da gari da hukumar makarantu a Wisconsin sun dogara ƙwarai da harajin kadara, wato abin da mai gida ko mai gona ko mai masana'anta yake biya duk shekara gwargwadon darajar da aka ƙiyasta wa kadararsa. Idan darajar fili ta tashi, harajinsa ya tashi ke nan.

To, masana'anta ba ta sauka a gonar masara haka kawai. Tana buƙatar a sayi filin, a shimfiɗa hanya, a ja bututun ruwa, a haƙa magudanar ƙazanta, kuma dukkan wannan sai an yi shi kafin a ɗora tubali ko ɗaya. Gundumar Racine da garin Mount Pleasant ba su da irin waɗannan kuɗi a ajiye, saboda haka suka yi amfani da wata dabara da ake kira TIF a taƙaice, wadda aka fara a jihar California a 1952. Ma'anarta ita ce cin bashi yau domin a biya shi da ƙarin harajin da ake sa ran samu gobe.

Ana fara shata layi ne a kan taswira. Duk abin da ke cikinsa ya zama yanki na musamman, kuma a ranar da aka shata shi ake rubuta darajar kowace kadara, a daskarar da ita a matsayin tushe. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, cewa wata gona a cikin layin tana biyan harajin dala dubu a shekara. Wannan dala dubun za ta ci gaba da rabuwa tsakanin makarantu da gunduma da gari da kwalejin fasaha kamar yadda aka saba. Idan aka gina masana'anta a kan gonar, harajin ya koma dala dubu ɗari, to dubu casa'in da tara da suka ƙaru ba za su je makaranta ko asusun gunduma ba. Wani asusu na dabam za su shiga, wanda aikinsa kawai biyan bashin hanya da ruwa da sayen fili, har na tsawon shekaru talatin a wannan yanki.

A nan ne masu sharhi da dama suke zamewa, sai su ce an yafe wa kamfanin harajin kadara. Ba a yafe masa ba. Yana biya kamar kowa, abin da aka sauya shi ne inda kuɗin suke zuwa bayan ya biya. Masu goyon bayan tsarin suna cewa makarantu ba su yi asarar komai ba, tunda da ba a yi hanyar ba, da masana'antar ba ta zo ba, da kuma babu ƙarin harajin tun asali. Dokar jihar ma ta tanadi wani kwamiti mai wakilan dukkan waɗannan hukumomi, wanda sai ya gamsu da wannan hujjar kafin a shata layin. Hujjar tana da ƙarfi, amma ta tsaya ne a kan ƙafa ɗaya, wato cewa ginin zai zo kuma zai kai darajar da aka lissafa. Manomin da ya ci bashin taki da bazara da niyyar biya da kaka ya san wannan lissafin sarai, ya kuma san cewa mai bin bashi ba ya tambaya ko an yi ruwan sama.

Adadin da gunduma da gari suka amince su kashe ya fara ne daga dala miliyan 764, daga baya ƙiyasin ya haura miliyan 900. Garin da ya shiga wannan ɗawainiya mutanensa ba su kai dubu talatin ba.

Sai batun fili. A 2018 majalisar garin ta ayyana kimanin eka 2,800 a matsayin yankin da ya lalace, domin wannan lakabi yana sauƙaƙa wa hukuma karɓar kadara don aikin raya ƙasa. Hotunan wurin kuwa suna nuna gonaki da gidaje da ciyawarsu a share, wasu ma sababbi ne. Ni dai ban ga lalacewa ba. An biya masu gidajen diyya, da yawansu sun karɓa sun tashi, aka rushe gidajen, kuma wani ɓangare na filin ya yi shekaru babu abin da ke kansa sai ciyawa da tituna masu faɗi waɗanda motoci ba su cika bi ba.

Abin da ya hana wannan ciniki zama cinikin biri a sama gaba ɗaya shi ne wani sharaɗi da aka sanya a yarjejeniyar gunduma da gari, kuma a ganina shi ne wuri mafi hikima a cikin takardun duka. Foxconn ya sa hannu cewa daga 2023 za a lissafa harajinsa tamkar kadararsa ta kai darajar dala biliyan 1.4, ko ta kai ko ba ta kai ba. Gine-ginen da ya yi ba su kai ba, don haka sai ya riƙa cike giɓin daga aljihunsa duk shekara. Abin dariyar shi ne, kamfanin da ake cewa ya gudu da kuɗin jama'a yana biyan haraji a kan ginin da bai taɓa ginawa ba.

A 2023 kamfanin Microsoft ya sayi eka 315 daga cikin filin a kan dala miliyan 50, sannan a watan Mayun 2024 ya sanar da jarin dala biliyan 3.3 domin gina cibiyoyin adana bayanai, a wani taro da Shugaba Joe Biden ya halarta. Irin waɗannan cibiyoyi ba sa ɗaukar ma'aikata masu yawa idan aka kwatanta da alkawarin farko, amma gininsu yana da tsada, kuma darajar gini ita ce abin da asusun biyan bashin yake ci. Dogayen rumfunan Microsoft suna nan tsaye a kan titin da aka shimfiɗa domin Foxconn, suna kuma shan ruwa daga bututun da aka ja masa daga tafkin Michigan.