Sharhi: Firintar 3D da Masu Gyara a Panteka

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau kan firintar 3D ne, na'urar da ba takarda take bugawa ba. Ana zana abu a kwamfuta, ita kuma ta narkar da zaren roba ta riƙa ɗora shi hawa-hawa, kamar yadda maginin tukunya ke ɗora yumɓu, har abin ya tashi a ɗauke shi da hannu. Wani Ba'amurke, Chuck Hull, ya sami haƙƙin mallakar fasahar a 1986, amma sai bayan 2009, da wa'adin kariyar nau'in mai zaren roba ya ƙare, farashinta ya faɗo.

Amfaninta ba a musu. A watan Maris na 2020, da cutar korona ta cika asibitocin Italiya, wani ƙaramin kamfani a birnin Brescia ya buga bawul ɗin na'urar numfashi da suka yanke, aka ci gaba da jinyar marasa lafiya. A Malawi an buga bangon makaranta da siminti a 2021. Wanda ya fi burge ni shi ne Afate Gnikou na Lome a Togo, da ya haɗa tasa firintar a 2013 da tarkacen tsofaffin kwamfutoci.

Wannan shi ya kawo ni Panteka, kasuwar maƙera da masu gyara ta Kaduna. Injina nawa ne ke jibge a Kaduna saboda ɗan ƙaramin giyar inji na roba da ya karye, kamfanin kuma ya daina yin sa? Keken ɗinki, fanka, injin ɗab'i, na'urar awon asibiti. Mai gyara zai zagaye kasuwa, ya buga waya Legas, a ƙarshe ya ce wa mai kaya ya yi haƙuri. Da firinta da yaron da ya iya zane a kwamfuta, aikin wuni guda ne. Ba maƙeri za ta kora ba, domin ƙarfe na nan a hannunsa. Kayan aiki za ta ƙara masa.

Sai dai akwai abin dubawa. Tun 2013 wani matashi a Texas, Cody Wilson, ya buga bindiga mai harbi, ya kuma saki zanenta a intanet. A jihar da ta sha fama da 'yan bindiga, wannan ba abin wasa ba ne. Amma ni abin da ya fi tsorata ni jabun kaya ne. Robar da aka buga takan tsage ta tsakanin hawa-hawan nan. In murfin fanka ne, da sauƙi. In wani maras tsoron Allah ya buga kayan birki ko na tukunyar gas ya sayar, rai ake magana.

Ga kuma wuta. Bugu ɗaya kan ci sa'o'i, in aka ɗauke wuta a tsakiya, galibi aikin ya lalace. Zaren robar ma daga waje ake shigo da yawancinsa, da dala.

Hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, a nan Kaduna hedikwatarta take, ga kuma Kaduna Poly. Su koya wa 'yan koyo na Panteka zanen kwamfuta, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, kuma ta fayyace irin kayan da ba a yarda a buga a sayar ba sai an gwada ƙarfinsu.