Wankin ƙoda bayan aikin jijiyar zuciya: riga-kafi ne ko ƙarin wahala?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma ina tare da Malam Sani da Dakta Binta. Dakta, me ya haɗa aikin zuciya da ƙoda tun farko?

Dakta Binta: Rini ne ya haɗa su. Idan za a duba jijiyoyin zuciya, ana zura siririn bututu ta hannu ko ta matsematsi, sai a tura wani ruwa mai sinadarin aidin domin jijiyoyin su fito a hoto. Ƙoda ce ke fitar da ruwan nan. Mai lafiyar ƙoda da wuya ya samu matsala. Amma wanda tasa ta riga ta raunana, musamman mai ciwon suga, tana iya ƙara taɓuwa. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu kiriyatinin ɗin jininsa, wato dattin da ƙoda ke tacewa wanda muke auna aikinta da shi, zai fara hawa, ya kai ƙololuwa a kwana na 3 zuwa na 5, yawanci kuma ya sauko da kansa.

Malam Sani: To ni a ganina abin mai sauƙi ne. Ana gama aiki sai a ɗora mutum a kan na'ura ta wanke rinin. Ai riga-kafi ya fi magani.

Dakta Binta: Wallahi Malam, likitoci da yawa haka suka zata, kuma na'urar tana cire rinin. Matsalar lokaci ce. Cikin mintuna rinin yake isa ƙoda, ya matse jijiyoyinta, ya taɓa ƙananan bututunta. Kafin a gungura majinyaci zuwa ɗakin wanki a haɗa masa na'ura, aikin gama ya gama. A 2001 an gwada a Suwizalan a kan mutum 113. Waɗanda aka wanke wa ba su fi sauran samun sauƙi ba, har masu binciken suka ce abin yana iya cutarwa.

Hadiza: Cutarwa kuma? Ta yaya?

Dakta Binta: Sai an soka wani babban bututu a wuya ko cinya. Ga zubar jini, ga ƙwayoyin cuta. Sannan bugun jini kan yi ƙasa lokacin wankin, ga zuciyar da yanzu aka taɓa, ga ƙodar da ke neman jini.

Malam Sani: Amma Dakta, duk duniya ba a samu inda ya yi amfani ba?

Dakta Binta: An samu. A Milan ta Italiya a 2003 an tace jinin majinyata a hankali tun kafin aikin, aka ga sauƙi. A Taiwan a 2007 ma an ga sauƙi da wankin bayan aiki a binciken mutum 82 masu ƙodar da ta kusa gazawa. Ban raina su ba, sai dai binciken ƙanana ne. Kuma akwai abin da ke damuna: kiriyatinin da muke auna ƙoda da shi, na'urar da kanta tana kwashe shi. Takarda za ta yi kyau ko da ƙodar ba ta ji sauƙi ba. Shi ya sa a 2012 ƙungiyar KDIGO, mai fitar da ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda a duniya, ta ba da shawarar kada a yi wankin don cire rini kawai.

Hadiza: To me ya rage wa mai ciwon ƙoda?

Dakta Binta: A auna ƙodar kafin aiki. A yi masa ƙarin ruwan gishiri idan zuciyarsa za ta ɗauka. A rage rinin iya yadda zai yiwu. Ya daina shan magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen da mutanenmu ke saya a kemis kamar alewa. Bayan kwana biyu ko uku a sake gwajin jini.

Malam Sani: Idan kuma ƙodar ta tsaya fa?

Dakta Binta: Wannan magani ne, ba riga-kafi ba. Idan fitsari ya ɗauke, ruwa ya taru a huhu, ko sinadarin fotashiyam ya hau a jini, a wanke ba tare da jinkiri ba. Roƙona ɗaya, don Allah: wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe kada ya ƙi aikin saboda tsoron rini. Ya faɗa wa likitan zuciyar cewa yana da ciwon ƙoda, ya tafi da sakamakon gwajinsa na ƙarshe da duk magungunan da yake sha.

Hadiza: Mun gode, Dakta. Masu sauraro, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.