Me ke fitar da yaran Nima filin ƙwallo?

Ku leƙa filin Kawukudi, kusa da unguwar Nima a birnin Accra na Ghana, bayan la'asar. An taso daga makaranta, wasu ko rigar makarantar ba su tuɓe ba, an jera jakunkuna an yi raga, ƙura ta turnuƙe. Babu wanda ya aiko su. To me ya kawo su?

Duk wanda ka tambaya a Nima ko Mamobi zai ce maka Kudus ne. Yana da gaskiya. Mohammed Kudus ɗan unguwar nan ne, a ƙungiyar Strong Tower ya fara taka leda kafin makarantar ƙwallo ta Right to Dream ta ɗauke shi. Ya tafi Denmark a 2018, Ajax ta saye shi a 2020, sannan a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar ya zura wa Koriya ta Kudu ƙwallo biyu. Yaron da ke bin lungun da Kudus ya bi, ba ya jin abin ya fi ƙarfinsa.

Sai dai buri yana kai yaro fili ne, abokai ne ke zaunar da shi. Ku lura da lokacin raba 'yan wasa. Wanda aka fara kiran sunansa, ranar nan kansa ya fasu. Wanda ya yanke mutum biyu aka yi masa ihu, da daddare labarin za a yi ta yi a bakin mai shayi. Koci ya dafa kafaɗarka ya ce, "Gobe ka zo da wuri, da kai zan fara," wallahi ko asuba ba za ta same ka a kwance ba. A Kumasi ma haka ne lokacin Inter-Co, gasar guje-guje ta makarantun sakandare, a filin Baba Yara: ɗalibin Prempeh, ko Opoku Ware, ko Ahmadiyya yana gudu ne da gangunan makarantarsu a kunnensa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. Babu yaron da ke gudu don wannan lissafi. Daɗin wasan ne ke cika masa mintocin.

Shi ya sa abin da ke korar yara daga fili yake damuna. Gine-gine suna ta cinye filaye. Jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare na matsowa, iyaye su hana ƙwallo gaba ɗaya, maimakon su yanka wa yaro lokaci tsakanin la'asar da magariba. Ga kuma yaron da kullum yana benci, ko a jefa shi gola don yana da ƙiba, ya kuskure a yi masa dariya. Shi ne farkon daina zuwa, sai waya ta karɓe shi. Masu horarwa, don Allah ku sa shi ko na minti goma ne, ku kuma kira shi da sunansa.