Bath: Garin da Ya Riƙa Sayen Zambon Kansa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau zai kai mu Ingila ta ƙarni na 18, wani gari mai suna Bath, kimanin kilomita 160 yamma da Landan, inda attajirai da 'yan sarauta suka mayar da jinya ta zama shagali, mawaƙa kuma suka samu abin yi.

Arzikin garin ruwa ne. Akwai maɓuɓɓuga a ƙarƙashinsa mai fitar da ruwan zafi fiye da lita miliyan ɗaya kowace rana, zafinsa ya kai kusan digiri 46. Rumawa sun gina wurin wanka da wurin bauta a kansa tun ƙarni na farko na Miladiyya. Bayan tafiyarsu garin ya daɗe yana matattarar guragu da masu ciwon gaɓoɓi da cutar fata. Sai Sarauniya Anne ta ziyarce shi a 1702 da 1703, fadawa suka biyo ta, masu kuɗi suka biyo fadawa, 'yan caca kuma suka biyo masu kuɗi.

Cikin 'yan cacar nan akwai Richard Nash, haifaffen Swansea a 1674, wanda ya gwada aikin soja da karatun lauya bai tsaya a ko ɗaya ba. Shi ya zama mai tsara bukukuwan garin, ya riƙe matsayin sama da shekara 50, har ana ce masa Sarkin Bath. Ba shi da albashi, ba shi da 'yan doka. Farar hula gare shi da kaifin baki, kuma da su ya yi mulki. Ya hana shiga taro da takobi. Ya sa a fara rawa ƙarfe 6 na yamma a tashi ƙarfe 11, har an ruwaito cewa Gimbiya Amelia, 'yar Sarki George na Biyu, ta roƙi a ƙara mata rawa ɗaya bayan lokaci ya cika, ya ce a'a.

Abin da ya fi jan hankalina game da Nash shi ne yadda ya yaƙi takalman sukuwa. Masu gonaki na ƙauye sukan shigo zauren rawa da manyan takalman hawan doki, da laka da ƙaimi. Nash bai kai ƙarar kowa ba. Waƙar ba'a ya tsara a kansu, sannan ya sa aka yi wasan 'yar tsana inda gogan wasan ya hau gado da takalmansa, yana cewa ai haka ake yi a garinsu. Daga nan duk wanda ya shigo da irin takalmin sai a kwashe da dariya. Dokokin da ya liƙa a ɗakin shan ruwan magani a 1742 ma cikin shaguɓe ya rubuta su. Ɗaya ta ce tsofaffin mata da yara su haƙura da benci na biyu a wurin rawa, tunda waɗansu sun wuce lokacinsu, waɗansu kuma ba su kai ba. Wata ta ce duk mai raɗa ƙarya da tsegumi za a ɗauka shi ya ƙirƙiro su.

Ka ga ke nan, mai sauraro, tun daga tushe ba'a ita ce bulalar garin. Kuma dole ta zama haka. Wuri ne da ɗan sarauta da ɗan kasuwar da ya yi kuɗi jiya suke shiga ruwa ɗaya, su zauna zaure ɗaya, muddin kowa ya biya kuɗin shiga. Inda asali ba ya raba mutane, abin da ya rage shi ne iya ado, iya magana da iya rawa, kuma wanda ya kasa, dariya ce hukuncinsa. Shi kansa Nash bai tsira ba. Da aka rataye babban hotonsa, tsayin mutum, tsakanin ƙananan gumakan Isaac Newton da mawaƙi Alexander Pope, sai wani ya yi baiti yana cewa an nuna hikima da fasaha 'yan ƙanana, wauta kuwa an ba ta cikakken tsayi.

Nash ya mutu a 1761 cikin talauci, bayan dokokin hana caca na 1739 da 1745 sun toshe masa hanyar abinci. Shekara biyar bayan haka, a 1766, wani littafin waƙa ya fito mai suna The New Bath Guide, wato Sabon Jagoran Bath. Sunan ma tsokana ne, domin akwai littattafan jagora na gaske da ake sayar wa baƙi, masu faɗin lokutan wanka da kuɗin 'yan dakon da ke ɗaukar mutane a kan kujera. Marubucin, Christopher Anstey, mai gona ne mai rufin asiri daga yankin Cambridge, an haife shi a 1724, ya yi karatu a makarantar Eton da jami'ar Cambridge, kuma rashin lafiya ce ta fara kawo shi Bath.

Dabararsa ita ce bai yi magana da bakinsa ba. Ya ƙirƙiro iyali daga ƙauyen arewacin Ingila: saurayi Simkin, da 'yar uwarsa Prudence, da wata danginsu Jenny, da 'yar aikinsu Tabitha. Sun zo shan ruwan magani, suna aika wasiƙu gida cikin waƙa. Simkin bagidaje ne mai kyakkyawar zuciya, duk abin da ya gani yabawa yake yi, kuma cikin yabon nan ne asirin garin ke tonuwa. Ya ji ƙararrawar babban coci tana kaɗawa ranar da suka iso, ya ɗauka girmama shi ake yi, ashe duk baƙon da ake zaton yana da abin hannu haka ake yi masa, kuma sai ya biya masu kaɗawar. Likitoci suka taru a kan ciwon cikinsa, suka ɓata lokacin suna hirar siyasa, suka rubuta magani a gurguje, suka karɓi kuɗinsu. Ya tsaya yana sha'awar yadda maza da mata ke yawo cikin ruwa har wuya, sannan ya ambata, ba tare da ya ga aibin abin ba, cewa yayin da 'yar aikinsu ke wanke jikinta a ciki, manyan mata na can sama suna kwankwaɗar ruwan daga famfo. Kafin su koma gida, 'yan caca sun yashe Simkin, Prudence ta faɗa hannun wani mai wa'azin ɗariƙar Kirista ta Methodist, Tabitha kuma wani mai da'awar addini ya yaudare ta.

Karin waƙar mai sauri ne, mai tsalle-tsalle, ga amsa-amo na ban dariya, irin wanda mutum zai haddace ba da niyya ba. Horace Walpole, ɗan tsohon firaminista, mutumin da yabo ke yi wa wuyar fita, ya rubuta wa abokinsa cewa bai taɓa ganin raha da fasaha da sabon salo sun haɗu wuri ɗaya haka ba. Mai buga littattafai Dodsley ya sayi haƙƙin littafin a kan fam 200, ya ci ribar da ta sa a 1777 ya mayar wa Anstey haƙƙinsa kyauta.

To su wa suka saye shi? Mutanen da aka zambata. A nan ne nake ganin asirin al'amarin. Makaɗin fada a ƙasar Hausa idan ya yi zambo, akwai wanda zai kwana da baƙin ciki, domin an san da wa ake. Zambon Anstey kuwa ba ya kama suna. Ya raɗa wa mutanensa sunayen ƙarya na ban dariya, kowane mai karatu ya ga maƙwabcinsa a ciki bai ga kansa ba. Wanda ya yi dariyar Simkin ya nuna ke nan shi ɗan gari ne, ya san inda ake taka ƙafa. Littafin ya zama talla ga Bath, kuma marubucinsa ya tattara iyalinsa a 1770 ya koma garin da zama, ya samu gida a Royal Crescent, jerin gidaje 30 masu siffar jinjirin wata da John Wood ƙarami ya gina tsakanin 1767 da 1774, unguwar da ta fi kowace tsada. Mutumin da ya ce garin wofi ne, a cikinsa ya shafe sauran shekarunsa.

Akwai kuma wani ɓangaren na waƙar Bath, wanda ya fi wannan ban dariya, ko da yake masu yinsa da gaske suke. A ƙauyen Batheaston, bakin garin, wata mata mai suna Anna Miller ta dawo daga yawon Italiya da wata tsohuwar tukunyar Rumawa da aka tono kusa da Frascati. Ta girke ta a falonta, ta riƙa kiran taro duk mako biyu a lokacin da garin ya cika da baƙi. Wasan daga Faransa aka aro shi: a ba kowa kalmomin ƙarshen layi, shi kuma ya cike baitocin, ko a ba da maudu'i. Kowa ya jefa takardarsa cikin tukunya, a zaro a karanta da ƙarfi, alƙalai su zaɓi gwanaye, su kuma su durƙusa gaban uwar gida ta ɗora musu rawanin ganye. Wata babbar mai sarauta, matar Duke na Northumberland, ta yi nata baitocin a kan burodin da aka shafa wa man shanu. An tara waƙoƙin aka buga, kundi na farko a 1775, ribar kuma ta tafi ga taimakon matalautan garin.

Walpole ya yi musu dariya son ransa a wasiƙunsa. Shahararren marubuci Samuel Johnson ya ce wasan tsohon yayi ne. Ba su yi ƙarya ba, yawancin baitocin shirme ne. Amma ni ba zan yi saurin raina matar nan ba. A zamanin da jami'o'in Ingila ba sa karɓar mata, falonta ya zama wurin da mace za ta ji an karanta waƙarta a bainar jama'a, kuma daga nan Anna Seward ta samu ƙarfin gwiwa har ta zama sananniyar mawaƙiya. Shi ma Anstey yana cikin masu jefa takarda a tukunyar. Da Anna Miller ta mutu a 1781, taron ya mutu da ita.

Saura abin da waƙoƙin ba su taɓa ba, wanda mu 'yan Afirka ya kamata mu tambaya: kuɗin daga ina? Tashar jiragen ruwa ta Bristol ba ta kai kilomita 20 daga Bath ba, kuma a shekarun 1730 ita ce kan gaba a Birtaniya wajen safarar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. Sukarin da ake zubawa a shayin zauren rawa daga gonakin bayi na Jamaica da Barbados yake zuwa, haka ma dukiyar da yawa daga cikin masu rawar. Anstey ya ga ha'incin likita, ya ga munafuncin mai wa'azi, ya ga wautar bagidaje, wannan kuwa bai shiga baitinsa ba. Tobias Smollett, a littafin labarinsa na 1771, ya sa wani tsoho mai ƙorafi ya lissafa masu gonakin bayi da waɗanda suka kwaso dukiya daga Indiya cikin masu cika Bath, amma abin da ya dami tsohon shi ne rashin tarbiyyarsu da yadda suke cuɗanya da manya, ba hanyar da suka samu kuɗin ba. Da majalisar Birtaniya ta soke bauta a 1833 ta ware fam miliyan 20 na diyya ga masu bayi, mazauna Bath da dama suna cikin waɗanda suka karɓa. Zambon da mai kuɗi zai saya da hannunsa, ya karanta wa baƙinsa, dole ya san inda zai ja birki, kuma na Bath ya sani.

Yayi bai zauna ba. Likitoci suka fara yabon wankan teku, Yarima mai jiran gado ya soma zuwa garin Brighton da ke bakin teku daga 1783, 'yan kwalisa suka juya can. Bath ya koma garin tsofaffin hafsoshi da zawarawa masu neman sauƙin rayuwa, kuma haka marubuciya Jane Austen ta same shi lokacin da ta zauna a can daga 1801 zuwa 1806. Anstey ya mutu a 1805, aka kafa masa allon tunawa a kusurwar mawaƙa ta babban cocin Westminster Abbey a Landan, duk saboda littafi guda na raha. An ci gaba da buga littafin har 1830, lokacin da George Cruikshank ya yi masa zane-zane, aka kuma ƙara masa bayanai, domin masu karatu sun fara manta abubuwan da ake yi wa dariya a ciki.

A nan za mu dakata, jama'a. Sai wani jiƙon.