Kafin a ce iska ce, a duba idonsa

Ku yi tunanin hannu mai rawa. A ce saurayi ne ɗan shekara 17 a Aboabo, nan Kumasi. Ya ɗauki kofin koko, kafin ya kai baki rabi ya zube a riga. Rubutunsa ya lalace, harshe ya yi nauyi, yawu na dalala, ga saurin fushi da ba a san shi da shi ba. A gida wasu su ce iska ce, wasu su ce tramol yake sha. Wannan zargin shi ya fi ci mini rai, domin akwai cutar da ke zuwa da kamannin nan, kuma tana da magani.

Sunanta cutar Wilson, sunan likitan da ya bayyana ta a Landan a 1912. Jiki na buƙatar ɗan sinadarin jan ƙarfe daga abinci, hanta kuma ta zubar da ragowar ta ruwan matsarmama. Mai wannan cuta hantarsa ba ta iya zubarwa. Sai ya taru shekara da shekaru, ya ci hanta, ya haura ƙwaƙwalwa.

Gado ce, kuma sai an ɗauko daga uwa da uba duka, alhali su lafiyarsu ƙalau. Tana samun kusan mutum 1 cikin 30,000, amma auren zumunci na ƙara yiwuwarta.

To, ta ina ake gano ta? Ta ido. Jan ƙarfen kan yi zobe ruwan ƙasa a gefen baƙin ido. A idonmu mai duhu da wuya ka gan shi haka kawai, sai likitan ido ya haska da na'urarsa, irin wadda ake da ita a asibitin Komfo Anokye. Sannan a gwada jini, a tara fitsarin awa 24 a auna.

Tun 1956 ake ba da penicillamine, mai janyo sinadarin ya fita ta fitsari. Akwai trientine, akwai zinc mai hana hanji tsotsarsa. Iyaye, ku ji wannan da kyau: wani lokaci rawar kan ƙaru a farkon shan magani. Ku koma wa likita, kada ku daina da kanku, shansa har iya rai ne. Tsiren hanta, kaguwa da cakulan kuwa, a haƙura da su tukuna, domin suna da jan ƙarfe da yawa.

In an tabbatar da ita ga ɗaya, a kai yayyensa da ƙannensa gwaji, ko da garau suke. Kowannensu na da yiwuwar 1 cikin 4, kuma wanda aka kama tasa da wuri zai iya rayuwa hannunsa bai taɓa rawa ba.