Laburaren lissafi: inda ake tuntuɓe tsakanin harshe da harshe

Jama'a, barkanmu da haɗuwa. Idan kuka ninka manyan matiriks (lambobin da aka jera layi-layi kamar tebur) biyu a harsunan shirya manhaja irin su Python ko R ko Julia, yawanci ba harshen ne ke ɗaukar nauyin ba. Aikin yana sauka ne kan BLAS, laburaren lissafi, wato tarin shiryayyun ayyukan da manhaja ke kira, wanda kashinsa na farko ya fito a 1979 cikin harshen Fortran. LAPACK, wani laburaren lissafin matiriks da ya zo a 1992, a kansa aka ɗora shi.

Abin da ya raya BLAS har yau shi ne an tsayar da sunan kowane aiki da abin da za a miƙa masa, aka bar kowa ya rubuta cikinsa yadda ya iya. Ku dubi dgemm, ɗaya daga cikin ayyukansa: d na nufin lamba mai bit 64, ge matiriks na gama-gari, mm ninkawa. OpenBLAS da MKL na Intel duk nau'o'in BLAS ne, kowa da rubutunsa, amma kiran iri ɗaya ne. Mai tsara laburare ya fara da wannan yarjejeniya, gudu ya biyo baya.

To, ga inda ake faɗuwa. A ce matiriks mai layi biyu: 1, 2, 3 a sama, 4, 5, 6 a ƙasa. Harshen C zai jera shi a ƙwaƙwalwar kwamfuta layi bayan layi: 1, 2, 3, 4, 5, 6. Fortran kuwa a tsaye yake bi: 1, 4, 2, 5, 3, 6. In ka miƙa wa Fortran jerin C ba bayani, zai karanta 1, 3, 5 a sama, 2, 4, 6 a ƙasa. Ba zai koka ba, amsa kawai zai ba ka, kuma gurguwa ce. Shi ya sa a CBLAS, hanyar kiran BLAS daga C, abu na farko da ake faɗa wa dgemm shi ne tsarin jerin. Da wannan, babu buƙatar kwafe matiriks ɗin zuwa wani jeri.

Akwai ƙananan bambance-bambance kuma, su ma shiru suke ɓarna. Ragowar -7 a raba da 3 a C -1 ce, a Python 2. Aikin round, mai kai lamba ga cikakkiyar lamba mafi kusa, yana mayar da 2.5 zuwa 3 a C, zuwa 2 a Python 3. Aikin var, mai auna yadda lambobi suka warwatsu, a NumPy (laburaren lissafi na Python) yana rabawa da n, wato yawan lambobin, na R da n-1.

Saboda haka in za ku ɗauko dabara daga wani harshe, ku ɗauko ta da gwaje-gwajenta. Ku zuba tambayoyi da amsoshinsu a fayil guda da kowane harshe zai karanta, har da sifili, lambobi ƙasa da sifili da matiriks maras komai. Kada ku nemi amsa ta zo daidai wa daida: a ƙa'idar IEEE 754, wadda kwamfuta ke bi wajen adana lambobi masu ɗigo, 0.1 a tara da 0.2 yana ba da 0.30000000000000004, kuma sauya jerin tarawa kaɗai yana taɓa lambobin ƙarshe. Ku rubuta iyakar saɓanin da za ku lamunta a gefen kowace amsa.